Oyler, Makaho Mai Lissafi

An haifi Leyonar Oyler a Basel, ƙasar Suwis, a 1707. Yana da shekara 20 ya tafi aiki Rasha.

Ga irin lissafin da ya bincika wajen 1730. A ɗauki adadi x tsakanin 0 da 1, a ninka shi da ragowarsa, wato 1 − x. In aka zana sakamakon, za a ga layi mai kamar tudu. Girman filin da ke ƙarƙashinsa 1/6 ne. Oyler ya tsara ƙa'ida mai ba da amsa ko sau nawa aka maimaita x da ragowarsa.

A 1771 ya makance, amma bai bar aiki ba. Yana faɗa, ana rubutawa, har rasuwarsa a 1783.