Tarihin Likita Pirquet, Wanda Ya Gane Garkuwar Jiki Ta Kan Cuci Mai Ita

A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙasar Tarauni, a kan kawo yaro ya kwana lafiya ya tashi idanu a kumbure, daga baya ƙafafu da ciki su biyo, fitsarinsa yana kumfa. Ƙodarsa ce ke yoyon abincin da ke gina jiki. Yawanci ba wata ƙwayar cuta da ke cin ƙodar, garkuwar jikin yaron ce ta juya masa. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin ɗaya daga cikin mutanen da suka fara nuna cewa haka na yiwuwa.

An haifi Clemens von Pirquet ran 12 ga watan Mayu, 1874, kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya. Da fari ilmin addini ya karanta, sa'an nan ya koma likitanci, ya ƙare a Graz cikin 1900, ya kama aiki a asibitin yara.

A zamanin nan ruwan jinin doki a ke yi wa yara allura da shi don maganin maƙarau. Shi da abokin aikinsa Bela Schick suka lura, bayan kwana 8 zuwa 12 waɗansu yara su kan yi zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, jiki ya kumbura. In an sake allurar kuwa, abin ba ya jiran kwanakin nan, nan da nan ya ke tasowa. To, in da dafi ne cikin maganin, don me zai yi jinkiri da fari, ya yi gaggawa a karo na biyu? Suka ce jiki ne ke ɗaukar kwanakin yana haɗa makamansa, karon da makaman su ke yi da baƙon abu shi ne ciwon. Suka buga littafi cikin 1905. Cikin 1906 Pirquet ya raɗa wa wannan hali suna alaji, watau dangin abin da mu ke kira borin jini. A ganinmu wannan shi ne babban aikinsa, ko da ya ke gwajin tarin fuka a fata, na 1907, ya fi yi masa suna.

Cikin 1908 ya lura gwajin nan ba ya tashi a jikin yaro mai ƙyanda, watau ƙyanda ta kan kwantar da garkuwa. Daga baya likitoci suka ga mai kumburin ƙoda in ya yi ƙyanda kumburin ya kan saɓe. Bisa wannan hujja da waɗansu, Likita Shalhoub ya ɗora laifin ciwon a kan garkuwar jiki cikin 1974. An kuma iske da yawa cikin yaran nan suna da asma ko ƙaiƙayin fata, kuma prednisolone, maganin da ke lallashin garkuwa, shi ne a ke fara ba su.

Pirquet ya koyar a Johns Hopkins ta Amurka cikin 1909, ya komo Biyana cikin 1911 ya shugabanci asibitin yara na jami'a. Bayan Yaƙin Duniya na Farko shi ya tsara ciyar da dubban yaran Ostiriya da yunwa ta kama, da taimakon Amurka. Ran 28 ga watan Fabrairu, 1929, aka iske shi da matarsa sun rasu a gida, sun sha guba. Shekarunsa 54.