Alfred Binet, Mai Awon Basirar Yara

Malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai, a wannan makon mun kawo muku tarihin Alfred Binet, Bafaranshen da ya ƙirƙiro gwajin basirar yara.

An haife shi a garin Nis a 1857. Ya karanci shari'a, amma zuciyarsa ta fi karkata ga ilimin halayyar ɗan Adam. Ya yi aiki a wani babban asibiti a Paris, kuma a can ya fara tuntuɓe. Shi da abokin aikinsa sun sanar cewa maganaɗisu yana sauya halin marasa lafiya. Sai wani masani ɗan Beljiyam mai suna Delboeuf ya gano cewa marasa lafiyar suna jin maganar likitocin ne, sai su yi abin da ake so su yi. Binet ya amsa kuskurensa.

Daga baya ya shiga makarantu yana auna girman kawunan yara, ko zai gane mai ƙoƙari ta haka. Ya tarar bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya kuma lura cewa abin da yake zato game da yaro yana shafar awon da yake yi masa. Sai ya watsar da wannan hanya.

A 1904 gwamnatin Faransa ta nemi hanyar gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a karatu. A 1905 Binet da likita Simon suka fitar da gwaji mai ayyuka 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamar maimaita lambobi da faɗin bambancin abubuwa biyu. Sun gwada shi a kan yara masu shekaru daban-daban, aka gyara shi a 1908 da 1911. Binet ya rasu a 1911.

Masana sun ce gwaji nagari sai ya cika sharaɗi biyu. Na farko, in an maimaita shi ya ba da sakamako iri ɗaya. Na biyu, ya auna ainihin abin da aka ce yana aunawa. Mu 'ya'yan manoman Karfi mun san wannan. Tiyar da aka loɓa gindinta kullum masara iri ɗaya take ɗauka, amma awonta ƙarya ne. Haka in aka yi wa yaro tambayar lissafi da Turancin da bai iya ba, Turancinsa aka auna.

Binet bai yarda a yi wa yaro tambarin daƙiƙi ba, domin ya yi imani basira tana ƙaruwa da horo. Don haka muna roƙon malamanmu da abokanmu, kada mu yanke wa kowa hukunci da makin jarrabawa ɗaya. Mu fara duba tiyar tukuna.