TARIHI: Busby Berkeley, sojan da ya mayar da fareti rawar fim

A 1931 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwannin duniya, har Najeriya da Malaya da Bolibiya suka shiga yarjejeniyar taƙaita haƙo. Leburori da dama a filayen kuza na Jos da Bukuru suka rasa aiki. Wannan karayar arziki ita ce dai ta durƙusar da Amurka, inda zuwa 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ke zaman kashe wando. A tsakiyar wannan ƙunci ne wasu masu haƙa na daban suka cika gidajen silima: 'yan matan finafinan Gold Diggers, masu haƙar zinari a aljihun attajirai. Wanda ya tsara raye-rayen mafi shahara daga cikinsu shi ne Busby Berkeley.

An haife shi a Los Angeles ranar 29 ga Nuwamba, 1895. Mahaifiyarsa, Gertrude, 'yar wasan daɓe ce. Bai taɓa shiga makarantar rawa ba. Abin da ya koya a Faransa, yana laftanal a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ne jera ɗaruruwan sojoji su yi fareti cikin tsari, kuma wannan sana'a ya kai dandalin Broadway, sannan Hollywood a 1930, shekaru uku bayan fim ya fara magana.

Labarin ya riga shi shiga Hollywood. Avery Hopwood ne ya rubuta shi a matsayin wasan daɓe a 1919, kamfanin Warner Bros. ya mayar da shi fim mai sauti da launi a 1929, wanda yawancinsa ya ɓace yanzu. Amma Gold Diggers of 1933, wanda Mervyn LeRoy ya ba da umarni, ya sauya wa labarin fuska. 'Yan matan ba kwaɗayi ne ya kai su ga neman masu kuɗi ba. Masu bin bashi sun rufe wasan da suke ci da shi, har ɗayarsu na satar madarar maƙwabta domin karin kumallo. Barkwancin na yunwa ne, kuma masu kallo sun gane shi.

Berkeley ya ɗaga kyamara daga ƙasa ya kai ta rufin ɗaki, ta leƙo mata gommai suna haɗuwa suna watsewa kamar zanen tabarma. Ana cikin ɗaukar rawar goge masu hasken lantarki ne girgizar ƙasar Long Beach ta 10 ga Maris, 1933 ta auku, wuta ta ɗauke. Ana iya zarginsa da mayar da mata kayan ado marasa suna, kuma zargin yana da tushe. Sai dai shi ne kuma ya rufe fim ɗin ban dariya da jerin tsofaffin sojoji a layin karɓar abinci. Shekara guda kafin nan, a Yulin 1932, Janar Douglas MacArthur ya tarwatsa sansanin tsofaffin sojojin da suka je Washington neman haƙƙin da gwamnati ta ce sai 1945 za ta biya. Duk wanda ya ga layin 'yan fansho a Abuja ba ya buƙatar a fassara masa wannan fitowa.

Rayuwarsa ba ta yi tsari irin na raye-rayensa ba. A Satumbar 1935, shekarar da ya ba da umarnin Gold Diggers of 1935 da kansa, motarsa ta yi karo a bakin tekun Kalifoniya, aka rasa rayuka. Shaidu sun ce sun ji warin giya, lauyoyinsa suka ce taya ce ta fashe. Sau biyu masu taya alƙali hukunci suka kasa cimma matsaya, a karo na uku aka wanke shi. Ya yi aure sau shida. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1946 ya yi yunƙurin kashe kansa, aiki kuma ya yi ta ja baya.

A 1971 aka sake neman sunansa domin farfaɗo da wasan No, No, Nanette a Broadway. Ya mutu a Kalifoniya ranar 14 ga Maris, 1976, yana da shekara 80, shekaru uku kafin a kafa Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos.