Alhassan Ɗantata: Bafataken da Karyewar Kasuwar Duniya Ba Ta Kayar Ba

'Yan uwa mambobi, a wannan fitowa ta zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun kawo muku tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, domin shi ma fatake ne irinmu.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. A yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1894 an kama shi, daga baya ya fanshi kansa, ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja. Yana cikin na farko da suka riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, ayarin raƙuma da ke bi ta Fezzan zuwa Tarabulus ya ja baya, fatake da yawa suka karye. Shi kuwa ya koma gida ya kama gyaɗa. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin saye. Yakan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka, su biya shi da gyaɗa bayan kaka.

A 1929 kasuwar duniya ta karye daga Amurka, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Ɗantata bai durƙushe ba, domin ba ya almubazzaranci, kuma bai dogara da haja ɗaya ba: yana goro, yana shanu, yana tufafi. A shekarar ne ya kai azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a sabon bankin Kano. Da kasuwa ta farfaɗo, dalar gyaɗa ta zama alamar arzikin Arewa, kuma da ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi attajiri mafi girma a Afirka ta Yamma.

Mu da ke tsakanin Sabha, Gatrun da Agadas, yau dinari da naira sun yi rauni, gobe a rufe iyaka. Mu riƙe ajiya, mu raba jari gida-gida, mu biya bashin ɗan uwa a kan lokaci.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.