Clifford Thornton da Faifansa na Farko

Ina so in ba ku tarihin wani mabushi baƙar fata ɗan Amurka, wanda na fara jin busarsa a wayar yayana lokacin hutun da ya wuce. Gaskiya da farko cewa na yi a kashe, don ji na yi kamar ana gardama a kasuwar shanu. Yayana ya ce in yi haƙuri in ji labarin mai busar tukuna.

An haifi Clifford Thornton a birnin Filadelfiya cikin 1936. Ya yi busa a badujalar sojan Amurka, sa'an nan ya koma kiɗan jaz, ya yi aiki da manya irin su Sun Ra da Archie Shepp. Abin busarsa shi ne turombon, wato wani dogon ƙaho na tagulla mai babbar murya, kusan kamar kakakin sarki. Yawancin turombon ana jan hannunsa gaba da baya, amma nasa mai maɓallai ne da ake dannawa da yatsu.

A watan Yuli na 1967 John Coltrane ya rasu, shi ne jagoran masu sabon salon jaz wanda ba ya bin tsohuwar ƙa'idar kiɗa. An yi jana'izarsa ran 21 ga wata. Kashegari Thornton ya tara abokansa suka ɗauki faifansa na farko, mai suna Freedom & Unity, ma'anarsa 'yanci da haɗin kai. A cikinsu har da Jimmy Garrison, wanda ya daɗe yana kaɗa wa marigayin babbar garaya ta Turawa. Da na ji haka sai na sake saurara. Ashe abin da na ɗauka hayaniya ce, mutane ne da suka baro makoki jiya, kowa yana faɗin nasa da ƙahonsa, wani ya ɗaga, wani ya amsa.

Faifan bai fito ba sai 1969, kuma a ƙarƙashin ɗan kamfanin da shi kansa ya kafa, Third World. A shekarar ya zo Afirka, ya yi busa a babban bikin al'adun Afirka a birnin Aljiyas, har ya sa wa wani faifansa sunan masallacin Ketchaoua na can. Ba a daɗe ba gwamnatin Faransa ta hana shi shiga ƙasarta, bisa zargin yana tare da ƙungiyar Black Panther mai neman haƙƙin baƙaƙen fata. Ya koyar da kiɗa a Jami'ar Wesleyan, daga baya ya koma Janiba ta ƙasar Suwizalan, inda ya rasu cikin shekarun 1980.

Har yanzu mahaifiyata cewa take a rage sauti duk sanda muka kunna shi. Ni kuwa na ji faifan sau huɗu kafin mu dawo makaranta.