Marigayi Alex Haley: Mutumin Da Ya Bi Sawun Kakanninsa Har Gambiya

Bara na yi rashin kakata, kuma sai bayan an share makoki na gane ban san sunan kakanta ba, ban san garin da suka taso ba. Wannan ne ya sa na koma ga tarihin wani bawan Allah da na fara jin sunansa a ajin tarihi.

An haifi Alex Haley a 1921 a birnin Ithaca na Amurka, amma ya yi ƙuruciyarsa a garin Henning na Jihar Tennessee, a gidan kakarsa Cynthia. Da maraice ita da 'yan uwanta mata sukan zauna a ƙofar gida suna hirar wani kakansu mai suna Kinte, wanda aka kama a Afirka aka sayar da shi bawa. Sun riƙe sunansa da wasu 'yan kalmomi na harshensa, yaron kuwa ya adana su a ka.

Ya shiga rundunar tsaron gaɓar teku a 1939, ya yi shekara 20 yana aiki. A cikin jirgin ruwa ya koyi rubutu, har yana rubuta wa abokan aikinsa wasiƙu. Bayan ya bar aiki ya rubuta tarihin Malcolm X, wanda ya fito a 1965.

Daga nan ya shiga neman asalinsa. A gidan adana takardun tarihi na Washington ya duba ƙidayar jama'a ta 1870, wadda a cikinta aka fara rubuta sunayen bayin da aka 'yanta. Nan ya ga sunan Tom Murray maƙeri, mahaifin kakarsa. Wani masani, Jan Vansina, ya nuna masa cewa kalmomin nan sun yi kama da harshen Mandinka. A 1967 ya isa ƙauyen Juffure na Gambiya, inda wani dattijo ya zayyana masa salsalar gidan Kinte. Ya kuma gano takardun jirgin Lord Ligonier, wanda ya sauke bayi 98 a Annapolis a 1767.

Littafinsa Roots ya fito a 1976, aka mai da shi wasan talabijin a 1977, aka kuma ba shi lambar yabo ta Pulitzer. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gidajen adana takardu neman asalinsu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Masu bincike sun gano cewa labarin abin da yake nema ya riga shi isa ƙauyen, don haka akwai shakkar ko dattijon ya faɗa masa abin da yake son ji ne. A 1981 wasu masana salsala suka nuna cewa bawan da ya ɗauka shi ne Kinte yana cikin takardun Virginia tun kafin jirgin ya iso. Haka kuma a 1978 ya biya marubuci Harold Courlander diyya, bayan ya amince cewa wasu sassan littafin Courlander sun shiga nasa. Ya rasu a Seattle a 1992.

Ni a ganina darasi biyu ya bar mana. Na farko, ba don hirar tsofaffin matan nan ba, da babu abin da zai nema. Na biyu, labarin baka sai an gwada shi da takarda, kuma mai tambaya kada ya sa wa mai ba da labari magana a baki.

Yau abin ya fi sauƙi. An sa takardun ƙidaya da na jiragen bayi a intanet, ga kuma gwajin ƙwayoyin halitta, ko da yake shi dangantaka yake nunawa, ba ya faɗin suna. Mu ma muna da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna, ga tsofaffin takardun gado da rubuce-rubucen ajami a gidajenmu.

Amma takarda tana jira, tsoho ba ya jira. A hutun da na samu na je wajen ƙanen kakata, na ajiye masa waya, na yi shiru ina saurare. Na dawo da sunaye bakwai da ban taɓa ji ba. Duk wanda tsohonsa ke da rai a cikinmu, ina roƙonsa ya je kafin taronmu na gaba. Allah ya bar zumunci.