Tarihin Miguel Grau, Sarkin Yaƙin Teku Na Ƙasar Peru

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Galadima ya dubi abin da ya saura na ganuwar Zazzau, ya san kakanninmu sun dogara ga ganuwa da matsaran ƙofa. To, waɗansu ƙasashe teku ce ganuwarsu, jiragen yaƙi su ne matsara. Yau muna so mu ba da labarin wani irin wannan matsari, watau Miguel Grau na ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu.

An haife shi a shekarar 1834 a arewacin Peru, ya tashi a garin Paita, bakin teku. Yana ɗan shekara tara ya fara bin jiragen fatauci. A 1854 ya shiga rundunar sojan ruwa, ya yi ta hawa har aka danƙa masa Huascar, wani jirgin yaƙi mai sulken ƙarfe wanda aka ƙera a Ingila.

A 1879 yaƙi ya tashi tsakanin Cile da maƙwabtanta biyu, Bolibiya da Peru. Asalin rigimar kuwa wani irin gishiri ne na hamada, wanda ake yin taki da albarushi da shi. Hamadar nan ba ta ƙetaruwa da runduna, saboda haka wanda ya mallaki teku shi ke da nasara.

Ran 21 ga Mayu, a bakin garin Iquique, Grau ya nutsar da Esmeralda, wani tsohon jirgin katako na Cile. Shugabansa, Arturo Prat, ya yi tsalle ya faɗa cikin Huascar, aka kashe shi nan. Da yaƙi ya lafa, Grau ya sa aka tsamo abokan gāban da ke cikin ruwa. Sa'an nan ya tattara kayan Prat har da takobinsa, ya aika wa matarsa tare da takardar ta'aziyya.

Amma a ranar nan ɗaya babban jirgin Peru, Independencia, ya hau kan dutse ya hallaka, nauyi duka ya koma kan Grau. Wata huɗu da rabi yana kai da kawowa a gaɓa, ya hana rundunar Cile sauka. A Yuli ma ya kama jirgin Rimac cike da barade da dawakinsu.

Ran 8 ga Oktoba jiragen Cile suka yi masa ƙawanya a Angamos. Harsashin igwa ya sami ɗakin da yake ba da umurni, ya mutu nan take yana da shekara 45, aka kama jirginsa. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1881 aka ci Lima, babban birnin Peru, Bolibiya kuma ta rasa gaɓarta, ta zama kamar Nijar, ba ta da teku.

Har yau Huascar yana ajiye a Talcahuano ta ƙasar Cile, mutanen da ya yaƙa suna girmama sunansa. Mu malamai da ma'aikata, ya kamata mu koya wa yaranmu wannan: mutum ya tsare amanar da aka ba shi iyakar ƙarfinsa, in kuwa abokin hamayyarsa ya faɗi, ya kiyaye masa mutuncinsa.